Katin wuta na dubu goma kwana biyar yake mana a Hanwa, me ke shanye shi ne?

Maman Hanifa:

Assalamu alaikum jama'a, ya sanyi ya iyali. Don Allah masu sani ku taimaka min da shawara don abun nan ya ishe ni har ya fara jawo min ƴar tsama da maigida. Muna Hanwa ne nan Zariya, gidan haya ne ɗaki biyu da falo sai wani ɗan ɗaki a waje kusa da get da ƙaninshi yake kwana, ɗalibi ne. Mitar kati gare mu kuma mu kaɗai ne a kanta ba mu haɗa da kowa ba. Tun da aka ce an maida layinmu Band A, wato rukunin da aka yi wa alkawarin samun wuta aƙalla awa 20 a rana, wuta kam Alhamdulillah ana samu ba laifi, amma kuɗin ne ba a magana. Lokacin zafi katin dubu goma yana kai mu kwana takwas har tara, to yanzu da sanyi ya shigo ko fanka ba ma kunnawa sai ya dawo kwana biyar, wani lokacin ma huɗu da rabi za ka ji mita ta fara kukan nan nata tit tit cikin dare. Abun da ya ɗaure min kai ke nan, ya za a yi an kashe fankoki uku amma kati ya fi saurin ƙarewa?

Abban Hanifa yanzu ya zama ɗan sandan ƙwan fitila, da ya shigo gida kafin ya amsa sannu da zuwa sai ya zaga ɗaki ɗaki yana kashe ƙwai yana zare caja a soket, jiya har Hanifa sai da ta yi kuka don ta bar wutar bayi a kunne. TV an hana kallo bayan isha'i. Duk da haka ba abun da ya canza. Shi ne yanzu ya juyo kan firizata, wai ita ce ɓarauniyar, in kashe ta har zafi ya dawo. Ni kuma firizan nan ita ce sana'ata, zoɓo da kunun aya da ƙanƙara nake yi ina kai wa masu shago, eh na yarda ciniki ya ja baya da sanyin nan amma da shi nake ɗan biyan adashi da sabulu da kuɗin tara na yara.

Abubuwan da muke da su: firiza mai kwanciya matsakaiciya, TV inci 32 da dikoda, fanka uku, ƙwai takwas duk irin fararen nan na zamani, dutsen guga, sai hita ta ruwan wanka. Girki da gas nake yi da gawayi. Ba mu da AC ba mu da injin jan ruwa. Shin firizan ce da gaske, ko dai mitar ce ta samu matsala take gudu? In kashe ta ne ko akwai dabara?

Mai Wayarin Sabon Gari:

Wa alaikumus salam Hajiya. Ni aikin wayarin nake yi nan Sabon Gari na daɗe a ciki, kuma da an shiga Disamba kusan duk sati sai an kawo min ƙara irin taki. Ki ba maigida haƙuri amma ƙwan fitila da caja ba su ji ba ba su gani ba, an bar jaki ne ana dukan taiki.

Bari mu yi lissafin tare don ki samu abun nuna mishi. Abun da kuke saye a kati sunanshi yunit, yunit ɗaya kuma shi ne abu mai wat 1000 ya yi awa ɗaya cur yana aiki. Kowane kayan wuta in kika juya gindinshi ko bayanshi za ki ga lamba da harafin W a gabanta, wato wat, wannan shi ne cinshi. Ranar 3 ga Afrilu 2024 hukumar kula da wutar lantarki ta ƙasa, NERC, ta ɗaga kuɗin Band A daga wajen naira 68 zuwa 225, a watan Mayu aka ɗan sauko da shi 206.80, a Yuli ya koma 209.50, in aka ɗora harajin VAT na 7.5 cikin ɗari yunit ɗaya ya tsaya wajen naira 225 ke nan. A wannan farashin dubu goma yunit 44 ne da ɗan ɗoriya. In yana ƙarewa a kwana biyar gidanku na cin yunit 9 a rana. To mu nemo inda tara ɗin nan suke tafiya.

Ƙwan LED, wato fararen nan na zamani, mai wat 9 guda takwas, ko awa shida suka yi a kunne duka ba su kai rabin yunit ba, wato kuɗinsu bai fi naira ɗari ba a rana. Ƙwan bayin da aka sa yarinya kuka a kai, in ya kwana a kunne awa goma naira ashirin ya ci. Cajar waya kuwa sai kin cika waya wajen sau hamsin kafin ta ci yunit guda. TV da dikoda su ma in an yi kallon awa biyar ko shida ba za su wuce rabin yunit ba. Kin ga duk abun da ake faɗa a kai in an haɗa yunit ɗaya ne, saura takwas.

Firiza irin taki in lafiyarta lau tana cin yunit ɗaya zuwa biyu a rana, tsohuwa ko wadda robar murfinta ta saki tana iya kai uku. Amma ki lura da abu ɗaya, firiza da zafi take shan wahala ba da sanyi ba, yanzu injinta ya fi samun hutu. In da ita ce da a watan Afrilu za ku fi jin jiki ba yanzu ba. Don haka ni ban ga laifinta a wannan ƙarin ba.

Ƙa'idar da nake faɗa wa kowa ita ce duk abun da aikinshi ya yi zafi shi ne mai cin kuɗi: hita, dutsen guga, ketul, hotfilet, tosta. Hitar nan mai zobe da ake tsomawa a bokiti yawanci wat 1000 zuwa 1500 ce. Bokiti mai lita 20 kafin ya tashi daga sanyin asuba ya yi zafin da ake sirkawa ya ci kusan yunit ɗaya, in aka manta shi har ya tafasa kusan biyu. Yanzu ki ƙirga bokiti nawa ake ɗorawa a gidanki da safe, na maigida, na yara, naki, na ƙaninshi, wani ma ya ƙara da yamma. Bokiti huɗu yunit huɗu ne, naira 900 ke nan a rana a ruwan wanka kawai. Fankoki ukun da kuka kashe, kowace wat 70 zuwa 75, awa goma goma wajen yunit biyu suke ci. Kun ajiye biyu kun ɗauko huɗu ko biyar, ga amsar ɗaurin kan naki. Dutsen guga shi ma wat 1000 zuwa 1200 ne, in kullum da safe sai an jona shi an goge yunifom da kaftani to shi ma yana ɗiban nashi.

Amma kar ki tsaya ga maganata, mitar kanta za ta faɗa miki gaskiya. Ki samu takarda da biro, ki rubuta yunit ɗin da ya rage kafin ku kwanta, ki sake rubutawa da asuba kafin a jona komai, ki sake bayan kowa ya yi wanka ya fita, sai kuma da magariba. Kwana biyu kika yi haka za ki ga da idonki wane lokaci ne kuɗin ke zuba. Sannan akwai wata ƴar jar fitila a jikin mita da take ƙiftawa, iya cin wuta iya saurin ƙiftawarta, a gefenta za ki ga an rubuta misali 1000 imp/kWh, ma'ana ƙiftawa dubu shi ne yunit ɗaya. Ki sa a kashe komai na cikin gida har firiza na minti biyar ki tsaya ki kalle ta. In ta tsaya cak to mita ba ta gudu a banza. In tana ci gaba da ƙiftawa to akwai abun da ke ja ba da saninku ba, ko waya ta ɓare tana zubar da wuta a bango ko ƙasa, ko wani ya jona a layinku. Na taɓa tarar da waya an bi da ita ta bayan katanga an kai shagon caji, mai gida wata shida yana biya wa mutum. Ki kuma duba rasit ɗin sayen katin, in akwai tsohon bashi a kan gidan ana yankar wani abu duk sayen da aka yi, a gidan haya ana yawan samun haka, wanda ya tashi ya bar bashi kai ka shigo kana biya.

Ɗan Samaru:

Anti ai duk wannan dogon lissafin wahala ne wlh, mu nan unguwar ɗalibai akwai yara masu yi wa mita ɗan aiki, kaya masu nauyi a zagaye da su ta baya, ƙwai da TV kawai ke bi ta mita, katin dubu biyar ya yi miki wata hhh. Ni dai nawa ido. Amma maganar gaskiya kin ce akwai ɗalibi a ɗakin get ko? Toh ki leƙa ƙarƙashin gadonshi. Ba zan ƙara komai ba, mu ne ɗaliban mun san kanmu.

Hajiya Mai Ƙanƙara Tudun Wada:

Kai Ɗan Samaru ka ji tsoron Allah, matar aure da yara ƙanana kake ba shawarar satar wuta? Ban da haramcin abun, in aka kama tara ce mai nauyi a yanke wuta a lissafa musu na baya, ga gobara da wannan iskar ta hunturu da komai ya bushe ƙamas. Ba ruwanki da wannan ƙanwata.

Ni sana'armu ɗaya, firiza biyu gare ni, kuma irin wannan rigimar mun yi ta da Alhaji har sai da na ce mishi to ni zan dinga sa wani abu a kati duk sati daga cikin ciniki, daga ranar aka daina zancen. Ke ma ki yi lissafin nan da Malam mai wayarin ya koya miki, in firizarki yunit biyu take ci a rana naira 450 ke nan, ki duba ribar da take kawo miki a rana, in ta fi haka ba wanda zai ce ki kashe, in kuma da sanyin nan ba ta kai ba to gaskiya ki rage. Ni firiza ɗaya nake kashewa daga Disamba zuwa ƙarshen Janairu in wanke ta in bar murfin a ɗan buɗe kar ta yi wari, in haɗa komai a ɗayar. Ki kuma ƙara da kayan da ke tafiya da sanyi, kunun gyaɗa da kunun tsamiya mai zafi da safe a filas sun fi zoɓo fita yanzu.

Abubuwan da na koya da kuɗina: kar ki taɓa sa zoɓo da ɗuminshi a firiza, ki dafa da daddare ki bar shi a baho a tsakar gida a rufe, da wannan sanyin kafin asuba ya yi sanyi ƙarara, sai ki ɗura ki jera. Da da rana nake dafawa ina gaggawar ɗurawa, injin ya yi ta gurnani har dare bai huta ba. Robar murfi kuma ki gwada ta, ki sa takardar naira ɗari a baki ki rufe murfin ki ja, in ta zaro salin alin ba ta riƙe ba to sanyi na fita ta nan, ki zagaya duk gefe huɗun haka, masu gyaran firij suna canza robar ba tsada kamar abun da take jawo miki. Ƙanƙarar da ke taruwa a jikin bangon ciki in ta kai kaurin yatsa ki kashe ki bari ta narke, kar ki sa wuƙa ki fasa don Allah, ni na huda bututun gas ɗin tawa da wuƙa na yi kuka da idona. Ki janye ta daga bango kamar tafin hannu ko fiye iska ta dinga ratsawa, kar ta zauna kusa da wurin girki ko inda rana ke dukanta ta taga. Sai yara, kowane minti biyar a buɗe a leƙa a rufe, ni kwaɗo na sa wa tawa, sau uku ake buɗewa a rana, na saidawa in kwashe su a kula.

Maganar ruwan wanka kuma ni na daɗe da raba gidana da hita, ba ma don kuɗi ba, jikata ce ta kusa tsoma hannu a bokiti tana jone, Allah ne ya kiyaye. Kin ce kina girki da gawayi, to in kin sauke tuwon dare ai garwashin bai mutu ba, ki ɗora babbar tukunya da ruwa ki rufe, kafin ku gama cin abinci ya yi zafi, ki juye a babbar kula irin ta abincin biki ki rufe ki lulluɓe da tsohon bargo, da asuba za ki same shi da zafinshi a sirka wa yara. Garwashin da da toka zai zama a banza. Sai dai kurfotin ya tsaya a waje, kar sanyi ya sa a shiga da shi ɗaki a rufe ƙofa da taga, hayaƙin gawayi ba ya wari ba a ganinshi kuma yana kashe mutane cikin barci.

Baba Na Kwarbai:

Salamu alaikum. Yarona ne ke rubuta min ina faɗa mishi. Ƴata ni a cikin birni nake, ɗakin da nake kwana na ƙasa ne da azara tun na mahaifina, bangon ya kusa kamu ɗaya kauri, da zafi in ka shiga kamar an yayyafa ruwa, da sanyi kuma ɗumi. Yaran nan suka dage suka gina min na bulo da kwano ba sili, wata biyu na yi a ciki na kwashe tabarmata na koma. Yanzu an gina gidaje da ba a iya zama cikinsu sai da fanka, sannan a zo ana kuka da kuɗin wuta. Ku da kuke haya ba yadda za ku yi da gini, amma idan zafi ya dawo ku rufe tagogin da ke kallon rana da labule mai kauri tun hantsi, ku buɗe bayan magariba, ku fito tsakar gida da gidan sauro.

Ruwan sha kuma randa ba ta taɓa neman kati ba. Akwai ma wani malami daga Jigawa, Mohammed Bah Abba, da ya yaɗa dabarar tukunya cikin tukunya, a sa ƙaramar tukunyar ƙasa cikin babba a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi a rufe da jiƙaƙƙen tsumma, tumatir da tattasai da alayyafo su yi kwanaki ba su lalace ba, har Turawa suka ba shi lambar yabo ta Rolex a kai. Da busasshiyar iska irin tamu ta rani ta fi aiki. Ba za ta yi miki ƙanƙarar saidawa ba, amma kayan miya ba sai sun shiga firiza ba.

Wankan safe kuma, ku samu baƙar jarka ku cika ku ajiye a rana tun safe, zuwa la'asar ruwan ya yi ɗumi, yara su yi wankansu da yamma, da safe a wanke fuska da hannu da ƙafa da ruwan buta ɗaya a shafa musu mai su tafi makaranta. Mu haka aka rene mu ba mu mutu ba. Shadda kuma ta bugu ce ba ta dutsen guga ba, mijinki ya kai wa masu bugu.

Mai Wayarin Sabon Gari:

Allah ya ƙara wa Baba lafiya, Hajiya Mai Ƙanƙara ma ta gama magana. Abu ɗaya zan ƙara don na san wani zai ce a koma dafa ruwan da gas. Kilo ɗaya na gas yana ɗauke da zafin da ya kai wajen yunit 13 na wuta, amma a kan murhu kusan rabi ne ke shiga tukunya sauran iska ke kwashewa, ita kuwa hita tunda a cikin ruwan take kusan duk zafinta na shiga. In kina sayen kilo naira 1,200 misali, yunit ɗin da ya amfane ki ya kama wajen naira 180 zuwa 200, wuta kuma 225, kin ga ratar ba ta taka kara ta karya ba. Wanda ba Band A yake ba ma wutar ta fi mishi araha nesa ba kusa ba. Don haka ribar ba a canza murhu take ba, a rage yawan ruwan da ake dafawa take. Mutane sai su tafasa bokiti cike sannan su zo suna neman ruwan sanyi da wani bokitin su sirka, rabi ya huce a banza. Kwatan bokiti mai zafi sosai ya ishi babba wanka.

Guga kuma a tara na sati a yi rana ɗaya, don duk jonawa sai dutsen ya ci wuta kafin ya ɗau zafi, in an kusa gamawa a zare a ƙarasa ɗankwali da hankici da sauran zafin. Sannan ki dinga rubuta awannin da kuke samun wuta, Band A alkawarin aƙalla awa 20 ne a rana, B 16, C 12, D 8, E 4. In kuna biyan kuɗin A ba ku samun awannin kuna da haƙƙin kai ƙorafi a rubuce, a fara da ofishin masu wutar, in ba a yi komai ba a wuce NERC, kuma ya fi ƙarfi in ƴan layi suka haɗu.

Maman Hanifa:

Jama'a na dawo, Allah ya saka wa kowa da alheri, Baba na gode Allah ya ƙara girma, Hajiya na gode da kika tsawatar wa yaron nan duk da dai ashe rabin maganarshi gaskiya ce.

Na yi yadda Malam ya ce kwana uku ina rubutawa a bayan littafin Hanifa. Da muka kashe komai jar fitilar ta tsaya cak don haka mita ba ta gudu a banza, rasit ma ba bashi. Daga ƙarfe biyar na asuba zuwa bakwai da rabi kawai yunit huɗu ke tafiya, kullum. Bokiti biyu na yara da nawa, ɗaya na Abban Hanifa shi kaɗai kuma shi sai ya tafasa yana tururi yake yarda, sai gugar kayanshi ta kowace safiya. Daga fitarsu har magariba, firiza na aiki ina kallon TV, yunit ɗaya da rabi kacal. Amma abun da ya ba ni mamaki na dare ne, daga sha ɗaya zuwa asuba da kowa ke barci yunit uku da wani abu, alhali firiza ce kawai ya kamata a ce tana ja. Daren na biyu na kasa barci wajen sha biyu na fito da tocila na duba mita, fitilar nan tana ƙiftawa kamar za ta yi magana. Na leƙa ta get sai ga ƙamshin wake na tashi daga ɗakin ƙaninshi. Hotfilet ce, har da abokanshi biyu da suke zuwa karatu, wake da shinkafa suke dafawa kusan kullum, in sun sauke kuma su bar ta a kunne ta ɗumama musu ɗaki. Wake ko jiƙawa ba sa yi balle su sa ƴar kanwa ya yi saurin nuna, awa biyu yana kan wuta.

Ban ce komai ba na koma na kwanta don ba na son a ce matar wa ta sa wa ƙanin miji ido. Da safe na ajiye wa Abban Hanifa littafin kusa da shayinshi na ce ya duba min lissafi ko na yi kuskure. Ya daɗe yana kallo, ya tambaye ni wannan huɗun na safe na mene ne na faɗa mishi, ya ce na daren fa, na ce ya fita da kanshi sha biyun dare ya shaƙi iska. Ya fita. Ban san me suka tattauna ba, na dai ga washegari ya shigo da ƙaramar tukunyar gas mai kilo uku ya kai ɗakin get, hotfilet ɗin kuma tana saman wadirof ɗinmu. Ni ma na ce yaron ya dinga shigowa yana ɗaukar abincin dare, kunya ce ta hana shi tun farko.

Ruwan yara yanzu na garwashi ne a kula kamar yadda Hajiya ta ce, kuma wallahi da zafinshi nake samu. Robar firizan ma ta saki ta gefe ɗaya, naira ɗarin zarewa ta yi ba gardama, mai gyara zai zo Asabar. Katin da muka sa ranar Litinin yau kwana shida saura yunit 17. Hitar Abban Hanifa ce dai har yanzu ba a taɓa ba, ya ce shi ba zai yi wanka da ruwan kula ba kamar wani tuwon biki, amma ya rage zuwa rabin bokiti, kuma jiya na ga ya wuce wutar bayi a kunne bai ce uffan ba.

Ɗan Samaru:

Hhh Anti ai na faɗa miki ƙarƙashin gado. Don Allah hotfilet ɗin nan ta saman wadirof in ta saidawa ce nawa za a bar min, tamu ta ƙone shekaranjiya.